Motar da Ta Shigo da Ganye

Gidanmu a Gazawa bakin hanya yake, jar hanyar nan da ta fito daga Maradi ta ratsa Agye. Shekarar da aka ce Nasara ya miƙa mulki, ni dai a goshin motoci na ga alamar, don kowane direba ya ɗaura 'yar tuta yana taƙama da ita kamar shi ya ƙwato ƙasar. Sauran abubuwa suna nan yadda na san su: masu tuwo a gindin gawo, Fulani da ƙoren nono, jakai da ba su taɓa yarda cewa hanyar ta mota ce ba.

Maigidana direban babbar motar gyaɗa ne. A lokacin kowane direba yana da nasa kukan ham, kuma ba ya shiga garinsu sai ya danna shi tun daga nesa. Nasa gajeru biyu ne da dogo ɗaya. In na ji, ko daka nake sai taɓarya ta ƙara sauri. Uwarsa, wadda nake kira Inna, takan ce, "To, ga sarkin surutu nan ya taho, a ɗora ruwa."

Hanya tana da ladabinta, ko da yake ba a lakol, wato makarantar boko, ake koyarwa ba. Mota biyu ba sa giftawa sai sun tsaya an gaisa ta taga, an tambayi iyali da inda rairayi ya ci hanya. Mai kaya ake kauce wa. Wanda motarsa ta mutu yakan zube rassa a ƙasa don na baya ya sani. Amma in ka ga an ɗaura ɗanyen ganye a goshin mota, tana tafe a hankali, babu ham, to gawa ta ɗauko. Kowa yakan kauce mata, har jandarma ba ya tsayar da ita. Gidan da ta tsaya a ƙofarsa, nan ne aka yi rashin.

Abu biyu na yi da bakina, kuma ban manta ba. Na farko, da zafi ya tsananta na yi ta mita cewa tsakar gidanmu babu inuwar da ko kaza za ta fake. Na biyu, bayan na haihu, ham ɗinsa ya tayar mini da jaririya ana tsakar rana, bayan na sha wuya kafin ta yi barci. Na tare shi a zaure na ce, "Don Allah ka riƙa shigowa kamar mutane. Gari duk ya san kana da mota." Mutumin kirki ne, sai dai in ya ɗauki magana yakan ɗauke ta har da jijiyarta.

Wata ranar kasuwa da hantsi ina shanya, sai na ji bakin hanya ya yi tsit. Masu tuwo da ba sa rufe baki sun yi shiru. Na leƙa ta katanga. Motarsa ce, na san ta ko a cikin ɗari, tana tafe kamar mai ciwon ƙafa, ga ganye kore shar a goshinta. Maza sun miƙe tsaye suna salati. Wata mota ta sauka gefe ta ba ta hanya, masu amalanke sun ja shanunsu. Rana tana dukan gilashi, ban iya ganin wanda ke tuƙi ba. Na tsaya ina roƙon Allah ta wuce, ta tafi ƙofar wani, kuma ban ji kunyar wannan roƙo ba. Sai ta tsaya a ƙofarmu.

Inna ta zube ƙasa. Ni kuwa abin da ya fara zo mini shi ne maganar ƙarshe da na faɗa masa, cewa ya cika ƙara. Na fita ba mayafi, ƙafa ba takalmi.

Ƙofa ta buɗe, sai ga shi ya diro da ƙafafunsa, yana washe baki. Ya zagaya gaba ya fara kwance igiya. Dashen mangwaro ne a cikin tsohuwar garwa, ya saye shi a Maradi, ya ɗaure a gaba don kada buhuna su karya shi, ya kuma taho a hankali don kada iska ta kakkaɓe ganyen.

"Ke, mi ya hwaru?" ya ce. "Ga inuwar da kike so. Kuma kin ga ban tada ɗiyar ba. Ni dai yau mutane sun ban mamaki, tun daga Agye kowa kauce mini yake, har jandarma ya sara mini."

Inna ta tashi ta ɗauki muciya. Ta bi shi, mutum da gemunsa ya zagaya motarsa sau biyu a guje, jama'ar da ta taru don ta'aziyya tana dariya har da hawaye. Ni ban yi dariya ba sai bayan kwana biyu. Da yamma, muna dasa mangwaron, na ce masa, "Daga yau ka danna, ko da matattu za ka tayar. Kada ka ƙara shigo mini shiru."

Ya riƙe wannan ma da jijiyarta. 'Ya'yanmu duk sun koyi barci cikin ƙararsa, mangwaron ya girma ya rufe tsakar gida, shi kuwa maigidana ana tsokanarsa da "mai gawar mangwaro" har ya yi furfura.

Ciwon ajalinsa a likitar Maradi ya same shi. Ina zaune a gindin bishiyar nan, ina jiran labari, sai na ji gajeru biyu da dogo ɗaya daga nesa. Na miƙe da murna na fita. Motar amininsa ce, tana tafe a hankali, da ganye a goshinta. Ya sauko ya durƙusa a gabana, ya ce, "Ki gafarce ni, na san ba a yi wa gawa ham. Shi ya bar mini wasiyya. Ya ce kin hana shi shigo miki shiru."