Ranar da Na Ƙi Raba Tuwo

Shekarun baya, lokacin ina karatun tarihi a kwalejin malamai, ni ke riƙe da gidan baffana a Haɗeja. Matarsa ta rasu, ya ƙi ƙara aure, sai girki da tarbar baƙi suka dawo kaina. Sunan mahaifiyarsa nake da shi, don haka Uwata yake kirana.

Danginmu suna da fadama ta gado a wajen Guri, kuma Baffa ne babba. Wani rani ruwa ya ja baya, ciyawar kacalla ta cinye hanyarsa, sai yayyena masu gona ta sama suka jera buhunan ƙasa suka tare ɗan abin da ya rage. Alkamar na ƙasa ta fara ƙonewa. 'Ya'yan wa da ƙani suka daina gaisawa, har aka fara zancen a raba fadamar kowa ya kama gabansa. Duk wanda ya kawo ƙara, amsar Baffa ɗaya ce: "A yi haƙuri, Allah zai kawo sauƙi."

Ni kuwa na zama gwanar raba zama. In sun zo, na sama a zaure, na ƙasa a gindin darbejiya ta bayan gida, kowa da tirensa. Har alfahari nake, wai ni mai hikima.

Ana cikin haka malaminmu ya kawo mu kan shugabannin Amurka na gab da yaƙin basasarsu. Ya ce akwai wani tuzuru a cikinsu, 'yar ƙanwarsa ce ta zame masa uwargidan fada. Rigimar bauta ta raba Arewa da Kudu, ita kuma in za a yi liyafa sai ta tsara kujeru don kada maƙiya su zauna kusa da juna. Na kwashe da dariya na ce ashe ina da ƙawa a Amurka. Malam ya ci gaba: jihohi suka fara ɓallewa, kawun nata ya ce ba su da hurumin fita, shi ma ba shi da ikon hana su. Bai daɗe da sauka ba yaƙi ya ɓarke. Nan dariyata ta ƙare, na tuna da Baffa.

Da Sallah ta zo na shimfiɗa tabarmi a zaure kaɗai, na ajiye babban tire guda na tuwon shinkafa da miyar kifi. Baffa ya leƙo ya gani.

"Uwata, wuta za ki haɗa mini?"

"Baffa, tuntuni take ci. Ni dai na gaji da ɓoye maka hayaƙin."

Suka iso, suka yi ido huɗu. Babban yayanmu na sama ya juya zai fita, na tsaya a bakin ƙofa na tare shi.

"Yaya, in kun raba gaisuwa, ni ba zan ƙara raba tuwo ba."

"Ke, yaushe aka haife ki?"

"Bayan ku. Shi ya sa nake son in tarar da dangi."

Nan fa aka kaure, kowa ya amayar da abin da ke cikinsa. Baffa ya rasa inda zai ɓuya, ga su duka a gabansa. A ƙarshe ya buga sandarsa ya ce gobe a kwashe buhunan, a fita gayya a sare kacalla, ruwa kuma a riƙa karɓa-karɓa. Ban taɓa jin muryarsa haka ba. Tuwon dai sai da ya huce.

Fadamar ba ta rabu ba, amma ni na sha suna: fitsararriya, 'yar boko, mai shiga maganar maza. Ya yi mini zafi, ba zan ɓoye ba. Sai dai na gane ba kowane shiru ne haƙuri ba, wani tsoro ne kawai, kuma ni ma na daɗe ina yi masa girki.

Yayan nan har yau ba ya amsa gaisuwata. Ni kuma duk Sallah sai na je har ƙofar gidansa na gaishe shi da ƙarfi, yadda maƙwabta za su ji. Ɗan'uwana ne, ko yana so ko ba ya so.