Ruwan Zafin Yaya Batula

Duk macen da ta haihu a unguwarmu ta Ɗantutture, tun ina budurwa, Yaya Batula ce ta yi mata wankan jego. Ni Ma'u ƙanwarta ce, uwa ɗaya uba ɗaya, nono nake kaiwa kasuwar Kurfi, kuma ni ma duk haihuwar da na yi ita ta gasa ni. Wallahi ba ta wasa. Da sassafe za ta hura wuta ƙarƙashin rabin duro, ruwa ya tafasa har yana tsalle, ta tsoma damin ganyen bedi, wato darbejiya, ta fyaɗa miki a baya da ciki. In kin yi ihu ta ce, "Rufe mini baki, ranar da kika ɗauko cikin ai ba ki kira ni ba." Bayan nan ga kunun kanwa ƙwarya guda, sai kin shanye.

Mata na tsoronta, suna kuma sonta. A wajenmu macen da ba ta gasu ba sanyi zai shige ta, ta kumbura, ta lalace. Haka muka taso muka tarar. Wajen kakarmu Yaya ta koya, muna ruga a Shema, kafin shanu su ƙare mu koma noma. Mijinta ya rasu da wuri, kuma da wannan wankan ta ciyar da 'ya'yanta, wannan ya aiko da gero, waccan ta ba ta zane. Ba ta da wani abin alfahari a duniya sai cewa mai jego ba ta taɓa lalacewa a hannunta ba.

Sai ɗiyarta Halimatussa'adiyya, da muke ce wa Sa'adiyya, ta zo haihuwa. Rilwanu take aure, mai sayar da hatsi a Kurfi. Ɗan ya kwanta a gicciye, naƙuda ta ƙi gaba ta ƙi baya, aka garzaya da ita asibiti a Dutsin-Ma, aka yi mata aiki aka ciro ɗa namiji. Ranar sallama ina tsaye Sista Sumayya, nas ɗin da ke kula da ita, ta kama hannun yayata ta ce, "Mama, don girman Allah kada ruwan zafi ya taɓa ɗinkin nan. Kada a danna shi, kada a gasa. Ya zauna a bushe, ku riƙa kai ta asibitin Kurfi ana canja mata bandeji."

Yaya Batula ta ce, "To." Na san wannan to ɗin tun muna yara, iyakarsa baki.

Da yake haihuwar fari ce, gidan uwa aka kawo ta wanka. Washegari na tarar an ɗora duro. Na ce, "Haba Yaya! Ba ki ji abin da aka ce ba?"

Ta ce, "Ke Ma'u, yaushe kika zama likita? An farke yarinyar nan kamar buhu, iska ta shiga cikinta. Ita ce ma ta fi kowa buƙatar zafi. In na bar ta ɗanya ta kumbura, ke za ki ɗauki alhakin?"

Abin takaicin, ba mugunta ba ce. So ne. Ta ƙara itace don ɗiyarta ce. Sa'adiyya kuwa ba ta iya musu da uwarta, sai dai ta cije leɓe. Rilwanu ya zo ya tsaya a zaure yana sosa ƙeya, kunyar suruka ta hana shi buɗe baki. Na ce masa, "Kai dai an yi ragon namiji, matarka ce fa!" Ya ce, "Gwaggo, me zan ce wa Inna?" Ya ajiye nama ya tafi.

Bandejin ya jiƙe, Yaya ta ɓare shi ta ɗaura tsumma. Kurfi kuwa ta ce mai jego ba ta hawa babur. Gefen ɗinkin ya yi ja, ya kumbura, yarinya ta fara rawar sanyi. Yaya ta ce, "Kun gani ko? Sanyin ne," ta ƙara wa ruwan zafi. Ranar da na dawo daga kasuwa na shiga ɗakin, wari ne ya tare ni tun daga ƙofa. Na ɗaga tsumman. Innalillahi! Ɗinkin ya buɗe baki ta gefe guda, mugunya na bulbulowa, fatar wajen ta yi baƙi. Sa'adiyya ta dube ni ba ta ma gane ni ba.

Ban nemi izinin kowa ba. Na fita kai ba ɗankwali na samo mota. A Kurfi suka duba suka ce wannan ya fi ƙarfinsu, mu wuce Dutsin-Ma.

Na ɗauka Sista Sumayya za ta zage mu, da ma ta zage mu da na ji sanyi. Ta buɗe ciwon, ta ce a kira likita. Suka warware sauran ɗinkin, suka yanke mataccen naman, suka wanke da ruwan gishiri, suka cusa auduga, aka bar shi a buɗe. Ta ce irin wannan ba a rufe shi, daga ciki yake cikowa. Kullum da safe sai an zare audugar an sa wata, Sa'adiyya na ihu har muryarta ta dushe. Ga ƙarin ruwa, ga allurai. Yaya Batula na rakuɓe a bakin ƙofa da jariri a hannu. Matar da ba ta taɓa jin tausayin ihun mai jego ba, sai ga ta tana toshe kunne da gefen mayafi.

Mun ɗan samu sa'ida. Warin ya ragu, nama ja ya fara tasowa a gefe, Sista ta nuna mana ta ce alamar alheri ce. Har Sa'adiyya ta sha koko, ta tambayi ɗanta. Na fita na yi kuka na godiya a gindin bishiya.

Ashe saman ne ya yi kyau. Zazzaɓin ya dawo, ciki ya ɗaure tamau. Likita ya kira mu da Rilwanu ya ce cutar ta ratsa ciki, ta shiga jini, sai an sake shiga da ita ɗakin tiyata, kuma ba ya yi mana alkawarin komai. Rilwanu ya sa hannu yana kuka kamar yaro. Yaya ta durƙusa gaban likitan, tsohuwa da furfurarta, ta ce, "Ɗana, ku yanki nawa naman ku liƙa mata. Ni na yi, ni na ƙona ta da hannuna." Ni da na yi ta tanadin baƙar maganar da zan gaya mata, sai tausayinta ya kama ni. Na ɗago ta kawai.

An fito da ita wajen azahar. Tana numfashi sama-sama, ido a rufe. Sista Sumayya ta taɓa ta, ta kira ta, shiru. Ta juyo ta ce, "Mama, matso ki kira sunanta. Muryarki za ta fi ji."

Yaya ta daskare. Sa'adiyya ɗiyar fari ce, kuma a wajenmu uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, kunya ce. Tun da ta haife ta, "ke" ce, ko "yarinyar nan". Ta sunkuya daidai kunnenta ta ce, "Halimatussa'adiyya." Ta sake faɗa da ƙarfi, har matan sauran gadajen suka juyo.

Idon ya buɗe kaɗan. Ta daɗe tana kallon uwarta, sannan ta ce, a hankali, "Inna, ashe kin san sunan."

Ba ta ƙara magana ba. Kafin la'asar Sista Sumayya ta zare ƙarin ruwan daga hannunta, ta ja mayafi ta rufe mata fuska, Yaya Batula na riƙe da ƙafarta tana ta kiran sunan.