Ranar da Nonon Bincike Ya Faɗa Zoɓo

Ba zan manta da ranar da na cusa hannu cikin zoɓon mutane har gwiwar hannu ba. Ku sababbin ma'aikata gara ku ji daga bakina, kafin direbanmu ya ba ku da ƙarin gishiri.

Ni tumatir nake sayarwa a kasuwar Farin Gada a Jos, sai da na aurar da 'yata ta fari na koma makaranta. Da na gama aka ɗauke ni mataimakiyar bincike a ƙarƙashin Dakta Nanret, likitar da take neman digirinta na uku a kan yadda nonon uwa yake kare jariri daga cuta. Aikina bin masu jego. A karɓi dakashi, wato nonon farko, ranar haihuwa, a koma a karɓi nono ranar bakwai, cikin 'yan kwalabe kamar yatsa, kowace da lambarta. Doka ɗaya ce: kada su yi ɗumi. In sun yi ɗumi sun tashi aiki, kuma ranar bakwai ba ta dawowa.

Abin da ba mu lissafa ba, har ni, ranar bakwai ranar suna ce.

Wata Asabar na karɓo na mata huɗu a Jos Jarawa, na biya unguwar Abattoir wajen Zainabu, matar wani mahauci. Ina shiga da kular ƙanƙara mai kwalaben a hannu, ana tsakiyar suna, surukarta Goggo Ladi ta tare ni.

"Malama Hanatu, har da ɗawainiya? Kawo nan."

"Goggo, ba abinci ba ne."

"Kowa haka yake cewa, wai ba komai ba ne."

Na riƙe, ta ja. Sai wata ta miƙo mini jaririya. Hannu biyu gare ni.

Da na gama da Zainabu aka dawo mini da kulata, da nauyi, da zafi. Na buɗe. Dafa-duka ce, ga ƙafar saniya a sama.

"Goggo, ina abin da ke ciki?"

"Ai ba a mayar da kula wayam. Ƙanƙarar kuwa Allah ya saka, tun jiya ba wuta. Mun juye a zoɓo."

"Da kwalaben?"

"An dai juye."

Na nufi robar zoɓon, na ce kowa ta ajiye kofinta. Wata ta ce wace ce wannan kuma. Na ce wadda za ta duba kofinki ce. Na naɗe hannun riga na laluba, na tsamo uku. Ta huɗun tana kofin wata tsohuwa, tana ta juya ta da cokali.

"Ni ma na ce ƙanƙarar asibiti akwai ƙarko," in ji ta.

Murafen a rufe, lambobin suna nan, sanyi ƙalau. Maigidan ya samo mini ƙanƙara wajen masu nama, na jera su a bokiti, na ɗauki kulata na kama hanya.

Dakta ta ga hannuna ja, kwalabe ja, ta dafe tebur.

"Mama, jini ne?"

"Zoɓo ne, 'yata. Zauna."

A wannan aiki, duk abin da ya kauce wa tsari dole a rubuta shi a rahoto. Ta duba kwalaben ɗaya bayan ɗaya, ta tabbatar ba abin da ya shiga, sannan ta ɗauki biro.

"Me zan rubuta?"

"Abin da ya faru. An adana su a zoɓo."

Ta rubuta. Sannan ta jawo kular, muka ci. Ƙafar saniyar ita ta cinye.

Abin da na koya shi ne, matan nan daga jikinsu suke tatsa su ba mu, ba su taɓa ganin inda muke kai shi ba, kuma ba za su yarda ka karɓa ka fita hannu wayam ba. Ba ka da ikon hana su. Shi ya sa kuke ganina da kula biyu. Ta bincike a ɗaure take a jikina da zani. Ɗayar tun daga ƙofa nake miƙa ta.