Asabar Ɗin da Baffa Sani Ya Kai Mu Shan Iska

Wata Asabar ce a tsakiyar damina, shekarar da nake aji biyar a firamare, Baffa Sani ya tsaya a tsakar gidanmu na Ƙofar Gayan da gajeren wando, gwiwoyinsa a waje kamar ɗan makaranta, ya ce a shirya yara za a fita shan iska. Iya, kakarmu, tana tsince shinkafa a faifai. Ko kai ba ta ɗago ba ta ce, "Ta gidan nan ta ƙare ne?"

Baffa ƙanen mahaifina ne. Shekara shida ya yi yana karatu a Ingila, sai ga shi ya zo hutu da matarsa Anti Bilki da 'yarsu Nabila, sa'ata. Duk tsawon shekarun nan hotuna yake aiko mana, kusan duka iri ɗaya: su uku a kan bargo, ciyawa kore shar kamar an wanke ta, kwando a gefe, a baya an rubuta "a fak", wato filin shaƙatawa. Na ɗauke ɗaya na ɓoye a littafina na Hausa. Nakan zura masa ido har a yi kirana sau uku ban ji ba, ina saƙa abin da suke yi kafin a ɗauki hoton da bayan an ɗauka. A ganina, wurin da ake tafiya da kwando dole akwai abin al'ajabi a cikinsa.

Ni ma ina da nawa wurin. A bayan ƙofar gari, inda ganuwa ta zube ta zama tudu, akwai wani tsohon rimi da ciyawa ke cika gindinsa da damina. Can Iya ke aikenmu yankan ciyawar tumaki. Mukan jefar da lauje mu yi 'yar gala-gala da carafke, mu bi fara, mu tsinko tafasa a bakin zane, mu hau ganuwa mu zamo a kan tsohon kwali har ƙasa, sannan mu cika buhu a gurguje mu dawo da ƙaya a ƙafa. Ba wanda ya taɓa kiran wannan shan iska, sunansa aike. Da Baffa ya tambayi inda za a sami ciyawa, na ɗaga hannu kamar a aji. Abu ɗaya nake so a duniya ranar nan: Nabila ta ce wurina ya kai na hoton.

Tafiyar da muke yi a ƙafa muna waƙa, ita aka shigar wa mota Fijo. Aka shimfiɗa bargo a gindin rimi, Anti ta shafe mu da man sauro, ta karanto dokoki: ba a cire takalmi, ba a taɓa ciyawa, ba a hawa komai. Ta raba mana burodi da ɗanyen ganye a tsakiya, irin wanda akuyarmu kan shinshina ta wuce. Muka zauna. Baffa ya lumshe ido yana jan numfashi kamar wanda aka rubuta masa a asibiti. Na yi ta jira, har na gaji na matsa kusa da Nabila na raɗa mata, "Yaushe za a fara?" Ta dube ni ta ce, "Ai an fara." Ashe abin da ke cikin hoton nan ke nan: zama.

A Zariya kuwa mai gida ba ya cin abinci a bakin hanya sai da dalili. Mai keke ne ya fara tsayawa, ya ce, "Sannu Alhaji, mai ne ya ƙare?" Baffa na cikin bayani sai ga manoma sun taso daga gona, suka ajiye fartanya ba tare da tambaya ba suka shiga tura motar, shi kuma yana bin su a guje da gwiwoyinsa yana rantsuwa lafiyarta ƙalau. Wata tsohuwa mai ɗauke da itace ta ƙura masa ido, ta dafe ƙirji. "Ba Sanin Iya ba ne? Ɗan nan, me ya yi zafi haka, da gidanku da komai?"

A cikin hayaniyar na ja hannun Nabila muka haye ganuwa. Ta waiga, ta ga uwarta na fama da kwando, ta tuɓe takalmi. Sau bakwai muka zamo, farar rigarta ta koma jar ƙasa, tana ihu da muryar da ban san tana da ita ba.

Kafin mu isa gida labari ya riga mu. Ƙofar ɗakin Iya ta cika da takalman matan unguwa, sun zo ba ta haƙuri a kan ta kori ɗanta da iyalinsa sun koma cin abinci a daji. Da ta sallame su, ta dubi Baffa daga sama har ƙasa ta ce, "Shekara shida ana karatu, abin da aka iyo ke nan." Nabila ba ta taɓa cewa wurina ya kai na hoton ba. Muna wanke ƙafa a bakin rijiya ta tambaye ni a hankali, "Gobe ma za a aike ku?" Da yamma na mayar da hoton cikin sauran 'yan'uwansa.

Yau ga ni a irin waccan ƙasar, maigidana na karatu. Duk Asabar muna ɗaukar bargo mu tafi fak mai shinge da lilo, da allon da ke faɗa wa yaro shekarun da zai hau me. Ciyawar an aske ta, ba fara, ba ƙaya, ba wanda zai tsaya ya tambaye ka lafiya. Mukan zauna, mu yi murmushi, a ɗauki hoto a aika gida. Ina kallon 'yata da takalminta a ƙafa, sai in ji ina ma akwai tumakin da zan aike ta ta yanko wa ciyawa.