Yadda 'yan dubiya suka ƙarasa mini murya

Matso kusa ki ji, muryar tawa ba ta kai ƙofar ɗaki yanzu.

Bara ne ta dishe, wata biyu cur. Na sha citta da zuma, na tauna kanumfari har harshe ya mutu. Ranar da ƙanwata ta kira daga Damagaram na ɗauka, ta ce, "Ina wuni Alhaji, ba ni Yaya," ranar maigida ya rufe rumfarsa ta Kasuwar Assihar, a nan ƙasar Larabawa da muke zaune, ya kai ni wurin lokotoron maƙogwaro.

Likitan Balarabe ne, ya kama harshena da ƙyalle ya jawo, ya zura mini wani ƙarfe mai fitila a baki, ya ce in yi ta cewa "iiii". Fitilar na ƙyaftawa, sai ga cikin maƙogwarona a tele: wasu 'yan tsoka biyu farare suna haɗuwa suna rabuwa a hankali, kowace da ɗan kumburi kamar ƙwayar gero. Shekara arba'in ina ba su wahala, sai ranar muka ga juna.

Maigida ne tafinta, don ni Larabcina na sayen tumatir ne.

"Hajiya, ya ce kwana goma ba magana, ko raɗa. In kika ƙi, sai an yi miki aiki."

Sau uku ya faɗa, ba wanda ya roƙe shi. Ban taɓa ganin bawan Allahn nan cikin annashuwa irin ta ranar ba.

Washegari matan unguwa suka cika tabarma, sun zo dubiya. Kowace ta ce sannu, in gyaɗa kai. Sai maƙwabciyata 'yar Maraɗi, wadda a shekaru ta kusa haifata, ta gyara lulluɓi ta ce, "Ikon Allah! Tunda aka nuna ki a tele, gaisuwa ma ta yi miki nauyi?"

Na ce, "Da sauƙi, Inna."

Shi ke nan. Sai me lokotoro ya ce, sai ƙarfen nan ya tsawonsa, sai wasu su shigo a koma daga farko. Kwana goman nan na yi surutun da ban yi ba a bikin 'yata.

Da muka koma, gero ya zama wake a tele. Lokotoro ya dube ni, ban nemi tafinta ba. Aka yi aikin, aka ce mako guda shiru. Kafin in cire takalmi, ga su da kwanukan kunu, Inna ce a gaba.

To ke, tsohuwa ta tako har ɗakinki ta ce miki sannu, da wane idon za ki dube ta ki yi gum?