Numfashin Yefet Maƙerin Azurfa

A unguwar Yahudawan Yaman da ke Ƙudus, da wuya a kai amarya ɗaki ba sarƙar Yefet a wuyanta. Daga San'a ya zo yana saurayi, makarantar zane da sana'ar hannu ta ɗauke shi aiki a ɗakin azurfa. Aikin nasa da numfashi ake yinsa. Sai ya sa ɗan bututu a baki, ya hura harshen fitila har ya kwanta, ya liƙa ƙwayoyin azurfa ƙanana kamar riɗi, ko ɗaya ba ta narkewa. Ɗalibai kan yi cirko-cirko suna kallo, amma abin ba ya koyuwa da ido. A zuriyarsu uba ke koya wa ɗansa namiji, tun kaka da kakanni.

To, Allah bai ba Yefet namiji ba. 'Ya ɗaya tal, Hamama, mai ƙiriniya, kullum tana maƙale da teburinsa.

"Abba, ba ni in hura mana."

"Tafi ki hura wa uwarki murhu, sarkin karambani. Ƙanenki na nan tafe."

"Tun yaushe yake tafe? Ko a jaki ya taso daga San'a?"

Sai ya yi dariya, ya tsoma gurasa a miyar hulba, ya kore ta. Ƙanen nan dai bai zo ba.

Makaranta ta rufe, bayan shekaru ta sake buɗewa da malamai daga Jamus masu son aiki sumul, ba ado. Hamama, da ta zama budurwa, ta shiga can a matsayin ɗaliba. Ta iya ƙera kofi da tire masu sheƙi, da wutar gas. Shi kuwa Yefet, hayaƙin fitila ya riga ya cinye masa ƙirji, tari ba dare ba rana.

Wata safiya ya kira ta.

"'Yar nan, zauna. Yau zan nuna miki."

"Abba, ai ni mace ce," ta ce, tana tsokanarsa. Da ta ga fuskarsa sai ta ja kujera.

Ya jera ƙwayoyin, ya ɗauki bututu, ya hura. Harshen wutar ya ɗan karkata, ya miƙe. Ya sake, tari ya sarƙe shi har hawaye. Ya miƙa mata, yana kwatance da baki: kumatu su riƙe iska, hanci ya ja sabuwa, kada a yanke. Ta hura da ƙarfin ƙuruciya, ƙwayoyin suka narke suka zama gudaji guda.

"A hankali," ya ce.

"A hankali kamar yaya, Abba?"

Ya buɗe baki, ya rasa kalmar. Shi ma ba da magana aka koya masa ba. Ubansa ya yi ta hurawa ne yana sauraro.

Sun yi ta gwadawa har damina ta wuce. Kafin Idin Ƙetarewa na Yahudawa aka kai shi maƙabartar Dutsen Zaitun. Hamama ta yi suna a aikin azurfa, ta koyar da ɗalibai masu yawa, maza da mata. Amma duk wanda ya kawo mata tsohuwar sarƙa mai ƙwayoyi gyara, sai ta juya ta a tafin hannu, ta mayar masa.

"Yi haƙuri," takan ce. "Mai wannan aikin ya rasu."