Na Sayar da Kiredit, Na Ƙona Karatun Hajara

Ni ɗan Kazaure ne, kuma ba a gidan macuta aka haife ni ba. Mahaifina tela ne a bakin kasuwa, mutumin da ko guntun yadin wani ba ya riƙewa. Da na gama sakandare na ci yawancin darussa, amma na faɗi Lissafi. Kun san ƙa'ida: sai da kiredit biyar, har da Turanci da Lissafi, kafin wata babbar makaranta ta dube ka. Sai na zauna a gida, na ari littattafai, na koya wa kaina abin da ban samu a aji ba. Na shiga jarrabawar masu karatu a gida, na ci. Da gumina na ci, ba wanda ya ba ni amsa.

Gurbin jami'a bai samu ba a shekarar, sai na fara koyar da ɗalibai Lissafi a zauren gidanmu. Wata rana wani Alhaji mai fataucin hatsi zuwa Babura ya same ni.

Ya ce, "Malam, ɗana ya faɗi har ya gaji. Ka taimaka ka zauna masa."

Na ce, "Alhaji, ai wannan ha'inci ne."

Ya yi dariya ya ce, "Taimako ne. Wa ka kashe?"

Na zauna masa. Aka liƙa hotona a kan sunan ɗansa, na rubuta, ya ci. Abin da Alhaji ya ba ni ya fi abin da zauren ya kawo mini tun da na buɗe shi. Daga ranar karatu ya fita daga raina.

Na kama shago, na kafa allo cewa ina yi wa masu karatu a gida rajista. Na haɗa baki da mai wata makarantar kuɗi da ke cibiyar rubuta jarrabawar, da kuma wani mai sa ido a jarrabawa. Ranar jarrabawa sai mai sa idon ya fita shan shayi, ni kuma in warware tambayoyin in rubuta amsa a allo, kowa ya kwafa. Iyaye suka riƙa zuwa daga Roni da Gwiwa da 'Yankwashi. Wasu a sahun gaba suke salla. Ba wanda ya taɓa tambayata ko ɗansa ya iya wani abu. Tambayarsu ɗaya ce: "Zai fito?"

A cikinsu ne Hajara ta zo. Matar aure ce daga wani ƙauye a Roni, mai 'ya'ya uku, tana taya karɓar haihuwa a ƙaramin asibitin garinsu. An gaya mata in ba ta kawo takardar shiga makarantar koyon aikin lafiya ba, za a sallame ta. Ta yi shekara biyu tana karatu ita kaɗai, tsakanin girki da goyo. A shagona ne kawai ta san ana rajista.

Ranar Lissafi, da ta ga na ɗauki alli na fara rubuta amsa, sai ta ɗaga hannu.

Ta ce, "Malam, don Allah a mayar da ni inda ba na ganin allo. Ni na yi karatuna."

Ɗalibai suka fashe da dariya, ni ma na taya su. Na ce ta koma baya in tana so ta faɗi. Ta ja kujerarta ta juya ta kalli bango, ta yi aikinta.

A ranar na yi kuskure a wata tambaya, ɗakin gaba ɗaya ya kwafi kuskurena. Masu duba takardu suka ga amsa iri ɗaya, kuskure iri ɗaya. Hukumar jarrabawa ta soke sakamakon cibiyar baki ɗaya, ba ta ware kowa ba. Har da Hajara.

Aka kama ni. Mai makarantar ya rantse bai san ni ba. Mai sa idon aka canja masa wurin aiki, shi ke nan. Iyayen da suke durƙusa mini su ne suka cika kotu suna cewa na yaudari 'ya'yansu. Har yau in na tuna fuskokinsu sai jinina ya tafasa. Amma wanda na fi jin haushinsa ni ne, domin ni na san wahalar karatu kai kaɗai, na ɗanɗana ta, kuma na yi wa mace dariya don ta bi hanyar da na bi.

Hajara ta tare ni a bakin kotu, da goyo a bayanta. Ba ta ɗaga murya ba.

Ta ce, "Ni ban roƙe ka amsa ba. Kujera kawai na nema a wurinka. An sallame ni daga asibiti. Allah ya isa tsakanina da kai."

Na shiga gidan yari da maganar nan. Wari da kuɗin cizo da tuwon da ba ya ciyuwa duk na saba da su. Maganarta ce ban saba da ita ba. Mahaifina ya zo sau ɗaya, ya tsaya ya dube ni, ya juya.

Da na fito na hau babur na tafi Roni neman gafarar Hajara. Mijinta ya shiga ya gaya mata. Daga bayan labule ta amsa.

Ta ce, "Na sake rubutawa, na ci. Amma aikin an ba wata. Yafiya kuwa, ban kai nan ba tukuna."

Na tashi na tafi. 

Ƙannena, ku ji ni. In ka faɗi Lissafi, faɗuwa ce kawai, ba mutuwa ba. Ari littafi, nemi wanda ya iya, ka sake zama. Duk wanda ya ce maka yana da cibiyar da ba a faɗuwa, irina ne, ka guje shi ko da mahaifinka ne ya kai ka. Ku kuma iyaye, ku ji kunya. Ranar da asiri ya tonu ba 'ya'yanku kaɗai za a soke ba, har da wadda ba ta ci ba ta sha ba, kuma alhakinta ba a kotu yake ƙarewa ba.